Zaɓen tuwita mai ƙaho da wurin raba sauti

Shawarar da ta fi rinjaye ga mai haɗa lasifika: a fara duba ufa (mai fitar da sauti mai kauri) kafin a sayi tuwita (mai fitar da siririn sauti). Ufa mai inci 12 takan fara tsuke sautinta, ya rage bazuwa gefe-gefe, wajen 1,200 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti), mai inci 15 kuwa tun wajen 1,000. A nan ake so a raba sauti, ƙahon tuwita ya karɓa daga ufa. Ƙaho mai maƙogwaro (ramin da sauti ke shiga ƙahon) inci 1 ya wadatar a falo. Mai inci 2 yana sauka har 500 zuwa 800 Hz, amma siririn sautinsa na can sama yakan rage tsabta.

Kada a raba sautin kusa da iyakar ƙasa ta ƙahon, wato mafi kaurin sautin da yake iya fitarwa, a ninka adadin Hz ɗinta biyu, in ba haka ba fatar da ke kaɗawa a cikin tuwitar ta yi ta kartar kunne. Tuwitar takan ɗara ufa ƙara da kusan 10 dB (ma'aunin ƙara), sai an rage mata da resista (ɗan abin da ke rage ƙarfin lantarki).