Abin da na tsinta a hirar majalisa kan reza da aski

Daren jiya hirar majalisarmu ta karkata kan aski, bayan wani matashi ya nuna mana ƙurajen da suka feso masa a ƙarƙashin haɓa.

Wani dattijo, wanzami tun kaka da kakanni, ya ce gashin baƙar fata nannaɗe yake. Idan aka yi masa ƙwal da reza mai baki uku ko biyar, tsinin gashin kan lanƙwasa ya koma cikin fata, nan ƙurji ke tashi. Shawararsa: a jiƙa gemu da ruwan ɗumi, a sa sabulu ya yi kumfa, a bi inda gashi ya kwanta, kada a ja fata. Wanda fatarsa ba ta jurewa ya koma kilifa, ya bar ɗan tsiro. Ni ma a nan na tsaya.

An ɗan yi gardama kan rezar kamfanin da ta fi. Masu amfani da rezar Gillette, kamfanin Amurka da aka kafa a 1901, sun yaba laushinta, sai dai kan da ake sauyawa ke cin kuɗi. Wasu sun ce rezar Bic ta ishe su.

Inda baki ya zo ɗaya shi ne tsafta. Ciwon hanta nau'in B yana bin jini, ɗan yanka kaɗan ya isa. A shago, a ɓare sabuwar reza a gabanka, ka gani da idonka. Mai hali ya sayi kilifarsa ya riƙa tafiya da ita, kuma ko ɗan'uwanka na ciki ɗaya kada ka ara masa.