Layin da ba a tsayuwa a cikinsa, wane suna za mu raɗa masa?

Jama'a, ina neman agajin masu Hausa a baki. Ɗan yayana da ke karatu a Dutse ya zo hutu nan ƙauyenmu, gefen Ringim. Shekaranjiya bayan isha'i muna shan iska a ƙofar gida ya miƙo mini waya, wai in ga yadda ake rububin hawa sabon lilo a wuraren wasan Disney da ke Orlando, a jihar Florida ta Amurka. Na ce lilo ne don haka bakinmu ya saba, amma abin ya fi kama da ƙaramin jirgin ƙasa mai gudun tsiya a cikin duhu. Ni abin da ya tsaya mini a rai kalmomi biyu ne da mai bayanin ke ta nanatawa, virtual queue da standby line. Na ce, "To ɗan boko, fassara mini." Ya yi ta inda-inda, can ya ce, "Baffa, na farkon dai layi ne, amma kuma ba layi ba ne."

Kafin a yanka ragon suna, bari a ga jaririn. Na biyun shi ne wanda kowa ya sani: ka je da ƙafarka, ka tsaya bayan wanda ka tarar, a bakin ƙofa akwai allon da ke nuna minti nawa za ka jira. Na farkon kuwa ta manhajar waya ake shigarsa. A lokacin da ake amfani da shi, da ƙarfe 7 na safe agogonsu ake buɗewa, ko kana kan gado a masauki sai ka danna. In ka dace a ba ka lambar rukuni, ka tafi harkokinka, ka ci abinci, ka hau wasu lilunan. Idan an zo kan lambarku waya za ta sanar da kai, a ba ka kamar awa guda ka hallara, ka ɗan bi gajeren layi ka hau. Wanda ya rasa na safe yana da damar ƙarfe 1 na rana, amma wannan sai wanda ya riga ya shiga filin. Ba a biyan ko sisi a kansa, ban da tikitin shiga.

Abin da ya jawo shi ba ɓoyayye ba ne, tsawon layi ne. Ranar 13 ga Yunin 2019 kamfanin Universal ya buɗe lilon baburan Hagrid a nan Orlando, mutane suka yi tsayuwar da ta kai awa 10. A watan Disambar shekarar Disney ya buɗe nasa lilon, Rise of the Resistance, da tsarin lamba, ya ci gaba da shi har Satumbar 2021. Lilon Cosmic Rewind na Disney da aka buɗe a Mayun 2022 ya riƙe tsarin har Fabrairun 2025, lilonsu na TRON kuma daga Afrilun 2023 zuwa Satumbar 2024. Wato abu ne na lokacin amarci, da ɗoki ya lafa sai a koma layin da aka sani. Ga shi sabon inji ba ya rasa tari. In ya tsaya, dakatar da kiran lamba ya fi sauƙi a kan lallashin mutum dubu da rana ta gasa. Ni kuma na ƙara da nawa zargin: wanda ke tsaye a layi ba ya sayen komai, wanda aka sallama ya zaga kuwa hannunsa na cikin aljihu.

To, bismillah, ku kawo suna.

Na ga amsoshinku, Allah ya saka da alheri. Wanda ya fi yawa shi ne "layin waya", kuma shi ne na fara jefarwa. A Hausar yau layin waya yana da mai shi, wato ɗan katin nan da muke sa wa a waya. Ka ce wa mutum ka samu layin waya, zai ce ka ba shi lambar. "Layin kira" ma ciwonsu ɗaya, tunda muna raba layin kira da layin data. Mai "layin bogi", ai ba na bogi ba ne, da shi ake hawa. Mai "layin gaibu", limaminmu na karanta wannan shafin, ka sasanta da shi tukuna. Mai "layin iska" kuwa, Allah ya shirye ka.

Wanda ya kusa kayar da ni daga cikin gida ya fito. Da safe ina ba goggona labari tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Wannan ai layin jarka ne, sai yanzu Turawan suka waye?" Duk wanda ya kwana a ƙauye da bazara ya san abin da take nufi. Tun kafin kiran assalatu jarkoki sun jeru a bakin burtsatse, rawaya bayan rawaya, wata an ɗaura mata tsumma ja a hannu, wata an rubuta sunan gida da fenti, wanda jarkarsa ke cike da ruwan jiya ya ajiye tsohon kwano da dutse a ciki. Masu su duk sun koma gida, wata na hura wuta, wani ya kai awaki bayan gari. Yarinya ɗaya ce zaune a kan bakin siminti tana tura su gaba da ƙafa, in ta ga an kusa zuwa kan taku ta aika ƙaninta da gudu ya kira ku. Haka a wurin injin niƙa, robobi a jere, kowace da kuɗinta ƙulle a bakin ƙyallen da aka rufe ta. Wallahi na so sunan nan, har na fara rubuta cewa an gama.

Wani direba daga Ɓaɓura ne ya taka mini burki, kuma yana da gaskiya. Layin jarka na wanda ya riga zuwa ne, kowa na ganin jarkar kowa, in an yi maka zure ka san wanda za ka kama. A can kuwa dubban mutane ne ke danna waya a daƙiƙa ɗaya, sau da yawa kafin minti guda ya cika lambobin safe sun ƙare. Wanda yatsansa ya yi nauyi ko sabis ya yi masa gardama, shi ke nan. Mu da sai mun hau tudun bayan makaranta saƙo ke fita, ai ko ƙyallin lambar ba za mu gani ba. Wannan shi ne kukan masu son tsohon layi: mutum ya biya sama da dala 100 kuɗin shiga na yini ɗaya, ya taso daga wata uwa duniya da iyalinsa, a ce masa tun kafin ya karya kumallo ya rasa abin da ya kawo shi. A tsohon layi haƙurinka ne kuɗinka, in za ka iya awa uku a tsaye ba mai hana ka. Shi ya sa direban ya ce a kira shi "layin wawaso".

Wawason gaskiya ne, amma hali ne na wani zubin, ba na kowane ba. FastPass da Disney ya fito da shi a 1999 'yar takarda ce da inji ke tofo maka a wancan lokacin, ɗauke da lokacin da za ka dawo. Wurin wasan ruwa na Volcano Bay da Universal ya buɗe a 2017 abin ɗaurawa a hannu ya zo da shi a lokacin, kamar agogo, ka taɓa shi a jikin na'ura ya riƙe maka wuri. Takarda, agogo, waya: kayan aikin na canzawa, don haka duk sunan da muka rataya a jikin waya ko intanet zai tsufa da wuri. Abin da bai canza ba shi ne an san da zuwanka, an sallame ka, za ka dawo.

Nan ne wata malamar firamare daga Taura ta rubuto kalma huɗu kacal: "Malam, layin je-ka-ka-dawo mana." Na ajiye wayar na yi dariya ni kaɗai. Kalmar tana gidanmu tun tuni, da ita muke raba makarantar da ake komawa gida da ta kwana, kuma ba ta da ruwa da jinsi, makarantar 'yan mata ma je-ka-ka-dawo ce. Na gwada ta a baki: "Sabon lilon nan je-ka-ka-dawo ne, ka tashi da wuri." "Mun samu je-ka-ka-dawo, mu ne na 62." Ta zauna daram. Na awa 10 ɗin can kuwa ya samu suna a ɓagas, layin kwana.

Wani ya yi ƙorafin cewa "je ka ka dawo" ita ce maganar da ake korar talaka da ita a ofis. Ni a wurina wannan ƙarin dacewa ne, domin a can ma akan ba da lambobin ko-ta-kwana waɗanda ba a yi alkawarin kiransu ba, wani har a rufe filin yana duba waya.

Ɗaya layin kuma "layin tsaye". Masu cewa "layi" kawai ya isa, a da ya isa. Kaza ma kaza ce kawai, sai da ta gidan gona ta zo muka fara cewa kazar Hausa. Akwai na uku da ake biya a wuce, Lightning Lane, tun 2021. Wannan ba ya buƙatar zaman shawara, layin kuɗi ne.

Kada wani ya ce mun ɓata data a kan lilon da ba za mu hau ba. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, wa bai rubuta sunansa a littafi a ƙofar banki ya karɓi lamba ya tafi kasuwa ba? Ranar awo a asibiti da ranar rabon taki ma haka ake yi, muna yi ba mu da sunansa.

Saura abu ɗaya da ban yanke ba: lambar da ake bayarwa, rukuni za mu ce ko lodi? Direban Ɓaɓura ya dage a kan lodi, wai mutanen da za a ɗiba tashi guda ai lodi ne, ko a tasha ko a Florida. Ina jin kunnena ya fi karkata can, amma ina jiran 'yan tasha su ƙara magana.

Goggo dai ba ta sauka ba. Na karanta mata abin da aka tsayar, ta ce mu je mu yi ta dawowa, ita layin jarka ta sani. Sannan ta leƙa zaure ta ce wa ɗan bokon ya ajiye wayar nan ya ruga burtsatse, an kusa zuwa kan tamu.