Wace irin kariya ya kamata manhajar littattafan Hausa ta bai wa marubuta?

Mai Ƙera Manhaja: Assalamu alaikum. Ina shirya manhajar waya wadda marubutan labarai za su riƙa sayar da littattafansu a cikinta, domin a yanzu da yawansu a zaurukan WhatsApp suke sayarwa: mai karatu ya tura kuɗi, a saka shi a zauren waɗanda suka biya, kafin gari ya waye wani ya kwafe babin ya watsa kyauta. Niyyata ita ce in toshe kwafar rubutu da ɗaukar hoton fuskar waya gaba ɗaya. Shin wannan ya wadatar, ko akwai abin da ya fi shi muhimmanci?

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Malam, toshe ɗaukar hoto abu ne mai sauƙi a Android, amma wanda ya yi niyyar sata zai ɗauko waya ta biyu ya ɗauki shafin, don haka kada ka ɗora ginin duka a kansa. Abin da zan ba ka shawara shi ne kowane mai saye ya samu kwafi mai ɓoyayyar alama tasa shi kaɗai, ko ta hanyar haruffan da ido ba ya gani, ko ta ɗan bambancin tazara tsakanin kalmomi, ta yadda idan babi ya ɓulla a waje za a gane daga asusun da ya fita. Sannan duk rubutun da aka ɗora, manhajar ta fitar masa da hatimin lissafi irin na SHA-256, wato wata lamba ta musamman da ake lissafowa daga rubutun kansa, tare da kwanan wata. Ko waƙafi ɗaya aka canza, hatimin zai canza. Sai dai a lura, hatimin yana nuna cewa rubutun yana hannun mutum a ranar ne kawai, ba ya tabbatar da cewa shi ya rubuta, shi ya sa ya kamata a adana har da daftarin farko da gyare-gyaren da suka biyo baya.

Ɗalibin Shari'a: Ƙari a kan bayanin Injiniya, a Najeriya haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar an rubuta aikin, ba sai an yi rajista ba, kuma ga littafi yana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa hujja ce mai amfani idan magana ta kai kotu. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, ta tanadi hanyar aika wa shafin intanet sanarwa ya sauke abin da aka sata, kamar yadda dokar Amurka ta 1998 ta yi. Idan manhajarka za ta riƙa cike wa marubuci wannan takarda da kanta, ta haɗa da hujjojinsa, ka yi masa babban aiki.

Marubuciya: Malam, Allah ya saka da alheri, amma ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya bai zo a maganarku ba. Masu karanta littattafanmu da murya su ɗora a YouTube ba tare da izini ba sun fi masu kwafa cutar da mu, domin su har kuɗin talla suke samu. Tsarin Content ID, wanda YouTube ke gano kayan da aka sata da shi, sauti da bidiyo yake kwatantawa, saboda haka idan mutum ya karanta labarina da muryarsa babu abin da zai kama, sai ni na nemo shi na kai ƙara. A sanya mana wurin bayar da izinin karatu a rubuce, a fayyace kason kowa, tunda wasunsu a shirye suke su biya idan hanyar ta yi sauƙi. Haka kuma ina da ja a kan ɓoyayyar alamar nan, domin a gidaje da yawa waya ɗaya ce tsakanin uwa da 'ya'ya da ƙanne. Kada a rufe asusun baiwar Allah a kan laifin da ƙaninta ya yi, a fara da gargaɗi.

Mai Ƙera Manhaja: Na gode ƙwarai. Hajiya, da a ce an samar da wurin izinin, kin fi son a biya ki kuɗi a dunƙule sau ɗaya, ko a riƙa ba ki kaso daga abin da bidiyon ya kawo kowane wata?