Kalmar bend da abin da muka tsinta a hirar jiya

Jiya muka zauna kan kalmar nan ta Turanci bend, ga abin da na kwaso. Asalinta dai lanƙwasa ce, kamar yadda mai aikin rodi ke yi a wurin gini, shi ya sa ake ce masa iron bender. In aka ce bend down sunkuyawa ce, daga nan aka samo bend down select da 'yan kudu ke kiran gwanjo, tunda sai ka duƙa ka tona tulin kayan kafin ka zaɓa. A titi kuma kwana ce.

Shawarar da kowa ya yarda da ita, kar ka haddace ma'ana ɗaya, duba kalmomin da ke tare da ita. Bend the rules ɗaga ƙafa ne, ba a karya dokar ba an dai sassauta, round the bend kuwa a bakin mutanen Ingila wai mutum ya zautu, ni wannan ta ban dariya wallahi. The bends ciwo ne na masu nutso cikin teku in sun yi saurin tasowa sama.

Sannan in lanƙwasawar ta riga ta faru, bent ake cewa maimakon bend, 'yan jarrabawa a kula.