Me za mu kira wannan busarwar ta guzurin soja?

Mai Shiri: Salamu alaikum malamai. A taimaka, shirin kimiyya ƙarfe takwas na dare zai fita. Cibiyar binciken sojojin Amurka da ke Natik, jihar Masacusets, tana amfani da vacuum microwave drying don rage wa guzurin soja nauyi da cin wuri. Ana zuƙe iskar cikin injin, sai ruwan jikin abincin ya tafasa ba da zafi mai yawa ba, maikirowef na ɗumama shi, sannan a matse. Me zan ce?

Uwar Biyu: Shanyar inji.

Ɗan Zazzau: A'a Hajiya, shanya sai da rana da iska, nan kuwa iskar aka kora. Kada kuma a ce busarwar ƙanƙara, waccan daban ce: a daskarar da abinci, ƙanƙarar ta tashi tururi. Da ita aka yi wa 'yan sintirin Amurka guzuri a yaƙin Biyetnam, sai an zuba ruwa kafin a ci. Wannan tana barin ɗan danshi, a buɗe a tauna.

Malam Nahawu: Kilisawa! Daga kilishi. Mun riga su sani.

Uwar Biyu: Malam, kilisa ai ta doki ce 😂

Malam Nahawu: To kilishantarwa. Ya fi maikirowef ɗin da kuke cusa mana. Harshe mai miliyoyin masu magana kullum yana bara!

Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam, soja da inji fa, daga ina muka samo su? Mu nan muna fama da na Faransanci, ku da na Ingilishi, Kano kuma a yanke hukunci ba a tambaye mu ba.

Malam Nahawu: Kilishi ba na Kano kaɗai ba ne ai.

Ɗan Zazzau: Ayaba da cuku ma ana busarwa ta wannan hanyar. Kilishin ayaba za a ce wa mai sauraro?

Mai Shiri: Jama'a, bakwai ta wuce. Zan ce "busarwa ta zuƙe iska", in yi bayanin maikirowef sau ɗaya a farko.

Ɗan Damagaram: Ta yi tsawo, amma ana ganewa.

Malam Nahawu: Wannan bayani ne, ba kalma ba. Ka yi da ita yau, tunda lokaci ya ƙure. Ban janye tawa ba.