Crohn ya tashi ga biki ya matso, in ɗaga ne ko in daure?

Amarya Mai Jira:
Salam 'yan uwa. Don Allah masu ciwon Crohn (ciwon kumburin hanji mai kwanciya ya tashi) ko masu jinyar mai shi ku ba ni shawara. Bikina saura 'yan makonni sai ga cikin nan ya tashi, gudawa ba dare ba rana, murɗa ta ƙasan cibiya ɓangaren dama, ga gajiya ko wanka na yi sai na zauna na huta, kayan da aka ɗinka min har sun fara min yawa. Ina kan azathioprine, maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki don ciwon ya kwanta, kuma a da lafiya lau nake. Akwai ragowar prednisolone, maganin steroid mai kwantar da kumburi, a durowata tun na wancan tashin, zuciyata na ce min in fara sha kawai in samu in wuce bikin, amma ina tsoron kumburin fuska a hotuna. Shi kuma angon abin da ya sani kawai ina da "ciwon ciki". Ya zan yi?

Nas Ta Dare:
Sannu ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya. Wannan ragowar maganin ki bar shi inda yake, gobe da safe ki nemi likitan da ke duba hanjinki ki faɗa masa ranar bikin ƙarara, suna tsara magani da irin wannan. Ba kowace gudawa ba ce tashin Crohn, mai shan azathioprine garkuwar jikinsa ta yi ƙasa, wata ƙwayar cuta ce kan shiga irin su C. diff, ko kuma ƙurji ya taru a ciki, in kika ɗora steroid a kan wannan kin ƙara wa wuta fetur. Shi ya sa za su fara da gwajin bayan gida da calprotectin da CRP (gwaje-gwajen da ke nuna ko akwai kumburi), su duba yawan jininki ma don wannan gajiyar tana iya zama ƙarancin jini.

In ya tabbata tashin ne, prednisolone yawanci ana farawa da 40mg a dinga ragewa a hankali wajen mako 8, ba a yanke shi lokaci ɗaya saboda jiki ya rage yin nasa sinadarin. Tunda ciwon naki ta dama ne ƙasa, inda ƙarshen ƙaramin hanji yake, ki tambaye shi ko budesonide, wani steroid ɗin daban, zai miki, hanta na cinye mafi yawansa kafin ya zaga jiki so kumburin fuska da rashin barci ba su kai na prednisolone ba. Amma fa sai in ciwon bai yi tsanani ba. Azathioprine ɗinki kar ki daina. Ibuprofen da diclofenac ki yi nesa da su ko ciwon mara ne ya zo, paracetamol ya fi.

Zazzaɓi, amai ba tsayawa, ciki ya kumbura ko tusa ba ta fita, jini da yawa, ko kumburi mai zafi a dubura, wannan ba na jiran gobe ba ne, asibiti a daren.

Malam Shiru:
Ni dai a ɗaga kawai, lafiya uwar jiki. In kuma ba zai yiwu ba ki sha loperamide ranar, yana tsayar da gudawa sosai.

Nas Ta Dare:
Malam a yi haƙuri, loperamide ba a shan sa kai tsaye lokacin da hanji ke kumbure, musamman in da jini ko zazzaɓi, yana iya sa babban hanji ya tsaya ya buɗe kuma abin na da haɗari. In likitanta ya duba ya ce ta sha na ranar, to. Batun ɗagawa kuma ai ba a san komai ba tukun, mutane da yawa suna jin sauƙi cikin mako ɗaya ko biyu da fara steroid, a bari sakamako ya fito.

Uwar Biyu:
Hmm 'yar uwa na san wannan halin, ni ma da shi na yi aure. Maganar magani Anti Nas ta gama, ni ta angon zan miki. Ki zaunar da shi yanzu ki faɗa masa sunan ciwon, cewa ba ya warkewa gaba ɗaya sai dai ya kwanta ya tashi, kuma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Mutumin da zai ji ki kina tashi banɗaki tsakar dare ina amfanin ɓoye masa? Kuma wallahi rabin murɗar nan fargaba ce ke ƙara ta, damuwa ba ita ke kawo Crohn ba amma tana zuga shi. Ki tafi da shi asibitin ma in zai yarda, don akwai zancen ɗaukar ciki, an fi so a ɗauka lokacin da ciwon ya kwanta, kuma in har aka ce za a canza ki zuwa maganin methotrexate ki ce musu aure za ki yi, ba a ɗaukar ciki a kansa.

Ranar kuma ki sa a ba ki wurin zama kusa da ƙofa, ki san inda banɗaki yake tun kafin mutane su cika, ƙawa ɗaya da ta san komai ta riƙe miki jaka da kayan canji da tishu mai laima da magungunanki, in kika mata ido ta san yadda za ta fitar da ke. Kayan kar su matse ciki, ki ce wa tela ya bar gyaran sai dab da ranar don jikin zai iya ƙara canzawa. Ki ci kaɗan kaɗan abin da cikinki ya saba da shi, ki sha ruwa, duk hidimar da ba dole ba a rage ta.

Amarya Mai Jira:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira an ce in zo da safe da samfurin bayan gida. Anti Uwar Biyu shi kuma na ce masa ya zo anjima akwai magana, yanzu haka sai kira yake yana tambaya ko fasawa zan yi.