Labarin gaskiya ko na ƙirƙira a jarrabawar baka ta IELTS, wato gwajin iya Turanci?

Malamin Turanci, Nima: Wata magana na yawo a zango, wai a kashi na biyu na jarrabawar baka, inda ake ba ka kati da jigon da za ka yi magana a kai, gara ka shirya labarin ƙarya tun daga gida, tunda ba mai bincike. Haka ne, abu huɗu ake ba maki: gudun magana da tsarinta, kalmomi, nahawu da furuci. Gaskiya ba ta ciki. Amma masu jarrabawar sun san muryar hadda, kuma tana jawo ragin maki.

Nas, Aboabo: Malam, hadda daban, ƙirƙira daban. Minti 1 ake ba ka na shiri, da fensir da takarda. In kati ya ce ka ba da labarin ranar da ka taimaki baƙo, kai kuma ba abin da ya faɗo maka, zama za ka yi kana lalube har lokaci ya ƙare? Ɗauko abin da ya faru da yayanka a tashar Kejetia ta Kumasi ka mai da shi naka.

Malamin Turanci, Nima: To Hajiya, ai wannan aro ne. Kin san tashar, kin san hayaniyar 'yan tireda, kina da abin faɗa. Wanda ya ƙago tafiya Landan bai taɓa zuwa ba, kafin minti ɗaya ya ƙafe.

Mai horar da ɗalibai, Sabon Zango: Ku bar wannan, ba nan ake faɗuwa ba. A takardar kar ka rubuta jimla, kalmomi biyar ko shida sun isa: yaushe, ina, da wa, me ya faru. Layin ƙarshe na katin yakan ce ka bayyana dalili ko yadda ka ji, nan za ka daɗe. Yawanci ana zuba labarin da sauri, a zo nan a yi shiru. Ka riƙa gwaji da agogon waya har ka cika minti 2. In an katse ka, ba laifi ba ne. Abin da ke cin yaranmu shi ne a fara da lokacin da ya wuce, tsakiyar labari bakin ya koma Turancin titi, a zubar da ƙarshen aikatau. Sai kuma rikita p da f.

Nas, Aboabo: Mu kuwa hukumar nas ta Ingila maki 7 take nema a magana, 6.5 ba ya fidda mutum. Don haka ni dai a tanadi labarai huɗu ko biyar da za a iya lanƙwasawa: mutum, wuri, abin da ya faru, wani kaya.

Malamin Turanci, Nima: A tanadi ƙashin labarin, ban da jimlolin. Kashi na uku minti 4 zuwa 5 ne, ra'ayinki za a tambaya a kan jigon, ba labarin ba. Shi ma a yi masa gwaji.